Yadin da Ya Ƙi Rini

Ranar Alhamis da azahar Zara'u mai ɗinki ta dawo daga gona ta tarar yadin ba ya nan. Da safe ta bar shi naɗe a kan gadon kara, ta rufe shi da tabarma, ta ja ƙyaure ta tokare da dutse kamar kullum. Yanzu dutsen yana gefe, tabarmar tana ƙasa. Keken ɗinkinta yana nan a kusurwa, kwanukanta ma ba a taɓa ba. Yadin kaɗai aka ɗauka.

Daminar 1985 ce. Tsamiyar Auta ƙauye ne a bakin Gulbin Kaba, kusa da garin Sarkin Hausa. Shekarun fari sun mai da gulbin hanyar jakuna, har akwai yaran da suka iya tafiya ba su taɓa ganin ruwa a cikinsa ba. Bana sai sama ta buɗe. Gulbi ya cika ya tare hanyar kasuwa, kuma babu wanda ya yi ƙorafi. Tsofaffi ma zuwa suke yi su zauna a baki suna kallonsa suna dariya su kaɗai.

Salifu, ƙanen Zara'u, ya koyi aikin jirgin ruwa a garin Gaya na bakin kogi lokacin da yunwa ta kore shi cin rani. Shi ya fasa tsofaffin gangunan ƙarfe ya ƙera wa ƙauyen jirgi mai ɗaukar mutum goma sha biyu. Aibinsa ɗaya ne: bencinan na ƙarfe ne, rana na ɗagawa sai su koma kaskon tuya. Matan gari suka ce yin matasai na zama a kai yana wuyansu. Kowace ta kawo abin da fari ya bar mata, wata kaza, wata zobe, aka sayo yadi daga Tasawa aka damƙa wa Zara'u ta ɗinka.

Mai gari ba mugu ba ne, matsoraci ne kawai. Ya riga ya aika Mayahi cewa ran Litinin za a sa jirgi a ruwa, kuma a zamanin nan na soja ba a ce wa hukuma Litinin a koma Talata. Kafin la'asar ya yanke hukunci.

"Amana hannunki take, Zara'u. Keken nan shi zamna zaurena. In yadi bai hito ba ran Lahadi, a kai shi Tasawa a musanyo wani."

Zara'u ta juya ta dubi kekenta. A cikin fari ta sayar da awakinta, ta sayar da gadon ƙarfen aurenta, ta sayar da zannuwan da marigayi mijinta ya bar mata. Keken ne kawai ta hana, da shi ta ciyar da 'ya'yanta tana facin buhuna. Da aka fita da shi ta zauna a inda ƙafafunsa suka bar shaida a ƙasa ta yi kuka sosai.

Jumma'a da hantsi Shef Abdussalamu, babba a jandarmomin Mayahi, ya iso. Mutum ne dogo mai son guga a kakinsa, kuma ba ya shiri da ruwan da ya wuce na buta. Kafin ya ƙetare gulbi sai da ya tuɓe ya ɗaura kaki a ka, ya rungume ƙaton gora kamar ɗan da ya ɓace aka gani, Ɗan Azumi mai fito yana tura shi yana iyo yana waƙa. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya ƙudura a ransa cewa ba a kan gora zai koma ba. Tun daga nan binciken ya zama nasa na kansa.

Ya fara da ɗakin. Ya duba dutsen, ya duba tabarmar, ya ciro ƙaramin littafi da alƙalamin bik.

"Malama Zara'u, wa ya san inda kika aje shi?"

"Mutum ukku, ranka shi daɗe. Salihu ƙanena. Maikuɗi mai amalanke, shi ya shigo da shi ran Laraba. Sai Ɗan Azumi, taubashina ne, kullum yana nan yana shanye min hura."

"Wane iri ne yadin?"

A nan fuskarta ta ɗan saki. Ta jawo wata tsohuwar jaka ta zazzage ƙyallaye biyar a gabansa.

"Ba da ka munka zaɓe shi ba. Salihu ya amso mana guntaye wurin mai yi ma motoci kujeru, ran Litinin munka yi gwaji ƙarƙashin tsamiya, gari duka na kallo. Ka san abin da jirgin kasuwa zai ɗauka. Mai cin goro zai toho, mai man gyaɗa kwalbarta za ta ɗiga, mai nono zai zuba, amarya ga lalle. Ga kuma mai sabon baƙin zane, inda duk ta zamna sai ta bar shuni. Kowane munka shahwa ma kowane ƙyalle."

Ta ɗaga na farko, kakin auduga. Ya koma kamar tsumman madafa. Na biyu buhun hatsin taimako ne, mai ya bi shi ya yi taswira. Na uku fata ce ta dukawa, ta sha ruwa ta kumbura tana tsami.

"Wannan fa? Ban ga tabo ba." Shef ya taɓa wata leda mai sheƙi.

"Ba ta tabo. Amma munka shanya ta rana, munka ce Ɗan Azumi shi zamna." Ta rufe baki da gefen mayafi. "Bai kai ƙirga ukku ba. Har yau in ya gan ta sai ya canza hanya."

Na biyar ruwan madara ne, mai kauri. A ido da hannu ba ka raba shi da auduga. Zara'u ta ce mai kujerun ya gaya wa Salifu zaren roba ne, ba ya zafi kuma ba ya shan komai. Goro ya fita da ruwa, mai ya fita da ɗan sabulu. Shunin kuwa Ɗan Azumi da kansa ya kwara, don ya rama abin da leda ta yi masa. Aka bar shi har ya bushe, aka zuba ruwa, ya bi ruwan ya tafi. Mata suka yi guɗa.

Shef ya juya ƙyallen gaba da baya, ya sa shi a aljihu.

Salifu yana bakin gulbi yana liƙe haɗin ƙarfe da kwalta. Shef bai ɓata lokaci ba.

"Jiya da hantsi kana ina?"

"Nan, Shef. Ni da mutum huɗu, tun asuba har azahar. Ga su can, tambaye su."

Ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, maganarsu ta zo ɗaya. Ya ja layi a kan sunan Salifu.

Ɗan Azumi yana zaune a kan goransa yana shan iska.

"In jirgin nan ya shiga ruwa, sana'arka ta mutu," in ji Shef.

"Allah shi jiƙan ta. Shef, kai ɗaya na tura yau, bayana na ta kuka. Salihu ya ce ni zan riƙe sandar tuƙi. Zan yi hito a tsaye kamar mutum."

"Jiya da hantsi fa?"

"Ina nan ni kaɗai. Kowa na gona, ba wanda ya ƙetare."

"Ba ka da shaida ke nan."

"Sai kwaɗi. In za ka rubuta sunansu, suna da yawa."

Shef bai ja layi a kan wannan sunan ba. Ɗan Azumi yana da dalili, ba shi da shaida, kuma bakinsa ya cika zaƙi.

Maikuɗi ya sami Shef da kansa, tun kafin a kira shi. Gajere ne mai faɗin ƙirji, sanye da riga mai dogon hannu duk da zafin da ake yi, hannayensa biyu naɗe da tsumma. Garin duka ya san shi da abu ɗaya: bai taɓa barin wani ya kai ƙarshen magana ba.

"Ranka shi daɗe, sannu da ruwa, ai na ji labarin gora. Ni dako kawai na yi, daga bakin hanya zuwa ɗaki, na aje na hita. Jiya kuwa itace na tahi nema."

"Me ya sami hannun—"

"Igiya ce. Jakina ya ji tsawa ya zabura, shekara nawa rabon shi da jin tsawa, ya hizge ni, igiya ta saɓule min tahi. Kuma ni, Shef, ko gwajin nan da ake ta zance ban gani ba. Ina garin Kona kwana ukku da kayan gishiri. Ban san mi yadin ke da shi ba, ban san mi ya sa anka zaɓe shi ba. Wanda bai san darajar abu ba mi zai kai shi ɗauka?"

Maganar ta yi ma'ana, Shef ya rubuta ta yadda aka faɗa.

Da rana ta take ya zauna a gindin tsamiya yana tunani. Yadin nan ba mai ɓoyuwa ba ne. Mata sun kai labarinsa ƙauyuka biyar, launinsa kuma fitila ne a garin da kowa ke sa baƙi da shuɗi. Wanda ya ɗauke shi ba zai iya shimfiɗa shi ba, ba zai iya kai shi kasuwa ba, sai in ya canza masa kama.

Yana cikin haka A'i mai nono ta sauke ƙwaryarta a gabansa. Bafillatana ce daga rugar da ke bayan gari, fari ya bar musu shanu biyu cikin arba'in, amma bana biyun suna ba da nono kuma ita ba ta gajiya da faɗa. Ta dama masa fura.

"Yau hurata ta yi saura. Laminu marini ne ke sayen dunƙule biyu kullum, jiya da yau ko kallona bai yi ba. Wai aljani ya shiga karohin shi."

Shef ya aje ludayi. "Ina marinar take?"

"Bi hanyar Tasawa, kahin ka gama goro ɗaya ka kai."

Laminu tsoho ne, hannayensa sun yi baƙin shuɗi tun kafin a haifi Shef. Yana tsugune a bakin ramin rini ƙarƙashin rumfa, ransa a ɓace.

"Kwana tara ina haɗa ruwan ga. Jiya na ce bari in leƙa gona, ai bana ko makaho ya yi shuka. Na komo da azahar na iske an dagula shi. Ruwan baba lallaɓa shi ake. Wanga kamar wanki ya yi a ciki."

"Da me ya juya?"

"Da hannu. Sandata tana tare da ni."

"An ɗauki wani abu?"

"Ko allura. Shi ya sa na ce aljani. Dubi nan." Ya nuna ƙasar rumfar. Yashin ya rine shuɗi, fili guda, ya wuce faɗin tabarma uku. "Sau bakwai ko takwas ya tsoma ya tsamo, ga wurin da ya riƙa shimhiɗawa. Zanen kirki in ka tsamo shi, shi ke riƙe shunin, ruwa kaɗan ke ɗiga. Wanga ƙasa ce ta shanye duka. Shekara arba'in ina rini ban ga abin da ya ƙi ramina ba."

Shef ya ciro ƙyallen daga aljihu. "Baba, tsoma min wannan."

Laminu ya tsoma, ya jira, ya tsamo, ya bari iska ta buge shi. Shef ya zuba masa ruwan buta. Shunin ya gangare ƙasa, ƙyallen ya koma ruwan madararsa. Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya fashe da dariya har da tari.

"To ba ramina ne ya lalace ba."

"Voilà, shi ke nan," in ji Shef. Ya buɗe littafinsa ya ja layi a kan sunan Ɗan Azumi.

Ya dawo gari ana kiran la'asar. Maza sun jeru a ƙofar masallaci da butoci. Shef ya tsuguna cikinsu ya yi alwalarsa a natse, yana kallon hannun kowa. Maikuɗi ya raɓe can gefe yana cewa liman shi taimama zai yi saboda ciwo. Shef ya bari aka idar da salla, aka shafa addu'a, mata suka fara taruwa a nesa don jin ko an sami wani labari. Sannan ya yi magana.

"Maikuɗi, kawo hannun in gani. An koya mana ɗaurin rauni."

"A'a, ranka shi daɗe, ai ya kusa warkewa, na sa mishi—"

"Kawo."

Karo na farko a tarihin Tsamiyar Auta wani ya katse Maikuɗi. Shef ya warware tsumman a hankali, ya naɗe hannun rigar. Babu shaidar igiya. Tafin ya yi ja saboda dirza da yashi da toka, amma faratan baƙi ƙirin suke, daga wuyan hannu zuwa gwiwa kuwa shuɗi ne mai kyau, irin wanda Laminu ke alfahari da shi.

Ɗan Azumi ne ya fara magana.

"Kai kam ka kama rini, Maikuɗi."

Dariya ta ɓarke har liman sai da ya dafa bango. Mai gari ya matso yana tambayar yadda aka yi, Shef ya bayyana masa a gaban kowa.

"Mutum uku suka san inda yadin yake. Salifu yana bakin jirgi, da shaidu huɗu. Saura biyu. Ɓarawon ya yi abin da duk mai satar zane ke yi a ƙasar nan, ya ruga marina ya canza masa launi. Ya tsoma sau bakwai yana mamaki. Duk wanda ya tsaya a gindin tsamiya ran Litinin ya san yadin nan ba ya kama shuni, Ɗan Azumi ma da hannunsa ya kwara. Mutum ɗaya ne a garin nan bai sani ba. Kuma ban sha wahalar nemansa ba, shi ya zo ya gaya min yana Kona."

"Amma na hwaɗa mishi a hanya," in ji Salifu. "Tun daga bakin titi nake ba shi labarin gwajin."

"Ka fara faɗa masa," in ji Shef. "Ka kai ƙarshe?"

Salifu ya tuna, ya girgiza kai.

Maikuɗi ya zauna a ƙasa. Da ya buɗe baki maganar gajera ce. Tantin amalankensa ya ruɓe tun shekarun da ba a bukatarsa. A hanyar Kona ruwa ya kama shi, rabin gishirin mutane ya narke. Da ya ɗauki yadin a kafaɗa ya ji kaurinsa, sai zuciya ta raya masa rufin amalanke, baƙi, wanda ba mai gane shi.

"Yana ina?"

"Cikin rumbuna. Ba komi ciki tun bara waccan."

Aka fito da shi a dunƙule, ya yi dabbare-dabbare da busasshen shuni. Zara'u ta karɓa. Ƙyalle daban, yadi guda da ya kwana da shuni daban, kuma ta sani. Ta nufi gulbi, gari duka a bayanta. Ta shiga har gwiwa, ita da A'i suka kama gefe-gefe suka nutsa shi, suka murza. Ruwan ya yi shuɗi kewaye da su, ya gangara. Da suka ɗaga shi rana ta haske shi fes, ba ɗigo ko ɗaya. Guɗar da aka yi sai da mutanen ƙetare suka fito kallo.

Shef ya ce doka ta ba shi ikon tafiya da Maikuɗi Mayahi, amma yana so ya ji bakin mai amana. Zara'u ta matse gefen zanenta, ta dubi Maikuɗi.

"Da ka tambaye ni, da na haɗa maka buhuna na ɗinka maka ruhin amalanke. Ka sa na kwana ba kekena. Ban son a kai ka ko'ina, gero na jiran noma. Ka tahi zaure ka ɗauko shi, a ka, ba a amalanke ba. Ka bi ta gaban masallaci da bakin rijiya. Kuma ka naɗe hannun riga."

Haka aka yi. Shef ya ƙara masa da nemo wa Laminu ganyen baba na sabon haɗi, ya rubuta, ya rufe littafi. Maikuɗi ya aje keken daidai kan shaidar ƙafafunsa. Zara'u ta shafa shi, ta ɗiga masa mai, ta taka. Kwana biyu ana jin ƙararsa daga bakin gulbi, mata suna zaune a tsakar gidanta suna cusa audugar rimi.

Ran Litinin jirgi ya shiga ruwa da matasai shida. Baƙin Mayahi suna can ƙetare suna jira. Shef Abdussalamu ya zauna a tsakiya da kakinsa a jiki, a bushe, ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu duk da haka. Ɗan Azumi yana tsaye da sanda yana waƙar da ya saba. Zara'u tana gaba, Maikuɗi yana can baya rungume da buhun wani.

A tsakiyar gulbi jirgin ya ɗan yi tangaɗi, kwalbar man gyaɗar wata tsohuwa ta tuntsure a kan matashi. Tsohuwar ta fara salati tana ba da haƙuri. Zara'u ta ɗebo ruwa da tafi, ta goga ɗan sabulun da ta ƙulla a bakin zane, ta share. Wurin ya koma yadda yake.

Sai ta juya ta miƙa sabulun baya, hannu ya karɓa ya ba hannu har ya isa.

"Ungo, Maikuɗi. Gwada ko kai ma ka hita."

Ya gwada har suka kai gaɓa. Bai fita ba sai da aka fara cin tumu.